Haɗakokin mata masu kare muhalli: wacce ke da amfani, wacce ce taron shan shayi?

Tambaya: Ina aiki da wata ƙungiya mai kula da dazuzzuka da namun daji. Kusan kowane wata sai an turo mini sanarwar wata haɗakar mata da ke cewa tana shirya mata su zama shugabanni a harkar kare muhalli. Shin waɗannan haɗakoki suna tsinana wani abu kuwa? Idan suna yi, ta yaya zan gane wadda ta cancanci in ba ta lokacina?

Ƙanwata, wasu suna tsinanawa, wasu kuma taron shan shayi ne, kuma ba za ki bambance su daga sanarwa ba, domin duk da baki ɗaya suke magana. Ma'aunin da nake auna su da shi guda ne: bayan an shafe shekaru ana taruwa, me ya bar hannun wasu ya koma hannun matan? Takardar iko da fili ce, ko kujera mai ƙuri'a, ko kuɗin da sai sun sa hannu za a fitar, ko wata doka da aka sauya? Idan babu ko ɗaya, sai takardar shaidar halarta da hoton da aka ɗauka a bakin otal, to an dai sada zumunci. Zumuncin ma yana da ranarsa, zan zo kansa, amma kada a sayar miki da shi da sunan shugabanci.

Ya kamata ki fara riƙe hujjar da ta sa ake wannan fafutuka, don za a tambaye ki, wani lokaci da izgili. Masaniyar tattalin arziki 'yar Indiya, Bina Agarwal, ta bi diddigin kwamitocin kula da daji na al'umma guda 135 a jihar Gujarat ta Indiya da tsaunukan Nepal, ta fitar da sakamakon a littafi a 2010. Ta gano cewa inda mata suka fi yawa a kwamitin zartarwa, dajin ya fi farfaɗowa. A Nepal ma, kwamitocin da mata zalla ke riƙe da su an fi ba su ƙananan dazuzzuka waɗanda suka riga suka lalace, amma duk da haka nasu ya fi murmurewa. Abin da ya fi shafar tambayarki shi ne batun adadi: sai mata sun kai kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kwamiti kafin su riƙa zuwa taro a kai a kai, su buɗe baki, su riƙe muƙami. Mace ɗaya tilo cikin maza goma sha biyu yawanci 'yar rakiya ce, komai iliminta. Wani gwaji da aka wallafa a 2019, wanda aka yi da mutum 440 masu cin moriyar daji a Indunusiya da Peru da Tanzaniya, ya nuna rukunonin da aka wajabta wa sanya mata rabi sun fi rage saran itace, sun kuma fi raba ladan da aka biya su daidai. Wannan na biyun wasan gwaji ne aka shirya, ba daji na gaske aka sare ba, saboda haka kada ki ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Ki guji fassarar da ake yawan yi wa waɗannan sakamako, wai mace an halicce ta da tausayin itace. Ba na son wannan magana ko kaɗan, domin da ita ake ɗora wa mata aikin rainon dashe kyauta, a bar wa maza kasafin kuɗi. Dalilin ya fi haka sauƙi. Wadda take shiga daji kullum neman itacen girki da ganye da ruwa ta san wane itace ke ƙarewa, ta san ta inda masu sata ke bi. Kuma dokar da aka kafa da ita a zaune ta fi yi mata sauƙin bi, ta kuma fi iya sa maƙwabciyarta ta bi.

To me ke hana su kaiwa ga kujerar? A ƙauye, fili ne. Ƙididdigar hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna mata ba su kai kashi 15 cikin 100 na masu riƙe da gonaki a duniya ba, kuma a wurare da dama wanda ke da fili shi ke da bakin magana a kwamiti. A ofis kuwa abin ya fi ɓoyuwa. Wani bincike na 2019 da aka zanta da mata 56 masu riƙe da muƙamai a harkar kare muhalli a Amurka ya tattaro abubuwan da kowace mai wannan aiki za ta gane: albashin da bai kai na abokin aiki ba, tsallake ta wajen ƙarin girma, yanke shawara a wuraren hira da ba a gayyatarta, cin zarafi da rashin wurin kai ƙara, da ɗaukar cewa ba za ta iya ba tun kafin ta gwada. Ki lura babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nuna matar ce ke da ƙarancin horo. Ki riƙe wannan, za ki buƙace shi idan muka zo kan masu shirya bita.

Haɗakokin da suka fi burge ni su ne waɗanda suka taso daga ƙasa, kuma uwarsu ita ce Green Belt Movement ta Kenya. Wangari Maathai ta fara ta a 1977 a ƙarƙashin majalisar matan ƙasar, da itatuwa bakwai da aka dasa a Nairobi. Mutane suna tuna lambar yabo ta Nobel da ta samu a 2004 da itatuwa fiye da miliyan 50, amma ba su cika duba yadda aka gina abin ba. Matan ƙauye ne suka kafa ƙananan rukunoni, suka nemo iri da kansu, suka raini dashe, alhali jami'an gandun daji na ganin aikin sai mai takardar makaranta. Ana ba su ɗan lada a kan dashen da ya rayu, ba wanda aka binne aka tafi ba, saboda haka dole su koyi lissafi da ajiye bayanai da bin sawu. Sannan aka haɗa musu da zaman wayar da kai inda ake tambayar wa ya sayar da dajin, da izinin wa. Daga nan ne aka samu matan da suka tsaya tare da ita a 1989 lokacin da gwamnati ta so gina dogon bene a dandalin Uhuru, da kuma ƙarshen shekarun 1990 a rikicin dajin Karura, inda aka fasa mata kai. Babu wanda ya kira wannan horon shugabanci a lokacin. An dai ba su aiki na gaske da kuɗi na gaske da abokin hamayya na gaske, shugabancin ya biyo baya.

Misalin da nake so ki yi nazari sosai shi ne na Gambiya. A dausayin Tanbi da ke kusa da Banjul, mata ne ke shiga kwalekwale suna ɓamɓaro wata halittar ruwa mai ɓawo, dangin dodon koɗi, wadda ke manne wa saiwoyin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Kowace tana aikinta ita kaɗai, ana sare saiwoyin da adda don a yi sauri, abin yana ta raguwa. A 2007 Fatou Janha Mboob ta fara haɗa kansu a ƙungiyar TRY, daga mata 'yan kaɗan har suka kai kusan 500 daga garuruwa 15. A 2012 gwamnatin ƙasar ta sa hannu ta ba ƙungiyar ikon cin moriyar wannan albarka ita kaɗai a dausayin, wanda ya haura hekta 6,000. Matan da kansu suka amince a rufe aikin wata takwas a shekara, a buɗe wata huɗu. Ki dubi abin da ya faru nan: matar da ba ta da iko da wuri ba za ta yarda ta bar shi ya huta ba, domin abin da ta bari yau wani ne zai kwashe gobe. Da ikon ya zo hannunsu, haƙurin ya yi ma'ana. Mace ɗaya ba za ta taɓa samun wannan takarda daga ma'aikatar gwamnati ba, ko ɗari biyar ɗin ma, in a warwatse suke.

A kan wannan turba REFACOF take, wato haɗakar matan Afirka masu kula da dazuzzukan al'umma, wadda aka kafa a Yawunde ta Kamaru a 2009 da Cécile Ndjebet a gaba, kuma ta bazu a ƙasashe kusan 20. Ita batun mallakar fili da daji ta sa a gaba, tana zama da sarakuna da 'yan majalisa, aiki mai cin rai wanda ba ya kyau a hoto. A Nepal kuma, tarayyar masu amfani da dazuzzukan al'umma, FECOFUN, wadda aka kafa a 1995, ta rubuta a tsarin mulkinta cewa rabin kujeru na mata ne. Ba ƙungiyar mata ba ce, amma ta yi abin da ƙungiyoyin mata da yawa suke ta roƙo.

Akwai kuma matan jihar Assam ta Indiya da Purnima Devi Barman ta tara, yanzu sun haura 10,000, don kare wani babban tsuntsu ɗan'uwan borin-tunke da ake kira hargila. Da can ana ƙyamarsa, ana sare itatuwan da yake sheƙa a kai. Matan suka mayar da shi abin alfahari, suna saƙa siffarsa a tufafi suna sayarwa, suna gadin sheƙunan. A 2023 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sauke shi daga jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa zuwa matakin da bai kai haka tsanani ba.

Sanarwar da ke zuwa wayarki dai na san ba irin waɗannan ba ce. Ta ma'aikata da masana ce, irin su Women in Nature Network da aka kafa a 2013, ko WE Africa mai ɗaukar ƙaramin rukuni na matan Afirka da suka riga suka riƙe manyan muƙamai ta yi shekara guda da su, ko Homeward Bound ta Ostireliya wadda ta kai mata masana kimiyya 76 yankin ƙanƙara na Antatika a tafiyarta ta farko a 2016. Suna da amfani, kuma amfanin farko shi ne zumuncin da na ce zan dawo kansa. Mace da ke aiki a tashar daji mai nisa, ita kaɗai cikin maza, takan kai matsayin da za ta fara zargin kanta: ko ni ce mai saurin fushi, ko ni ce ban iya magana ba. Ranar da ta zauna da wasu mata goma daga ƙasashe daban-daban ta ji labarinta yana fitowa daga bakinsu, ranar take gane matsalar ba halinta ba ce. Na ga matan da wannan kaɗai ya hana su ajiye aiki. Amfani na biyu shi ne labari: nawa ake biyan mai irin muƙaminki a wani wuri, wace gidauniya ce ke buɗe ƙofa a wane wata, wane shugaba ne ba a yarda a yi tafiyar daji da shi ba tare da ta uku ba. Irin wannan ba a rubuta shi a ko'ina.

Inda nake da ja da su shi ne yawan mayar da hankali kan gyara matar. A koya mata tsayuwa gaban jama'a, a koya mata yarda da kai, a koya mata neman ƙarin albashi, sannan a mayar da ita ofishin da bai sauya ko ƙwayar zarra ba, inda mutum uku ɗin nan dai su ne ke zaɓen wanda za a ɗaga. Ta dawo da ƙwarin gwiwa, ƙofa na nan a kulle. Sannan da yawansu da Turanci kawai suke aiki, suna buƙatar intanet mai ƙarfi da biza, wasu ma sai mai shiga ta tara kuɗi mai yawa da kanta. Sakamakon haka fuskoki ɗaya ne ke zagayawa daga wannan shiri zuwa wancan, matar da ta fi kowa sanin dajin kuwa ba ta ma ji labari ba.

Saboda haka idan kin shiga irin wannan, ki san abin da kika je nema. Masu ba ki shawara ba za su yi miki wuya ba, har sai kin gaji da su. Wadda ke da wuyar samu ita ce mai tsaya miki: wadda za ta ambaci sunanki a ɗakin da ba kya ciki, ta ce a ba ki jagorancin aikin, in ya lalace a tambaye ta. Haɗakar da ta san aikinta tana haɗa ki da irin wannan da gangan, tana tura sunayen mambobinta duk lokacin da kujera ta buɗe a hukumar gudanarwa ko kwamitin rabon tallafi, tana kuma bin sawu ta ga an ɗauka ko ba a ɗauka ba. Kuma ba dole mai tsaya mikin ta zama mace ba. Tunda har yanzu maza ne suka fi yawa a inda ake yanke hukunci, haɗakar da ba ta da hanyar isa gare su ta rage wa kanta ƙarfi.

Akwai rukuni na uku, masu aiki a zauren tarukan duniya, waɗanda mutanen daji kan raina. Ni ban raina su ba. A 1991 mata kusan 1,500 daga ƙasashe 83 suka taru a Miami ta Amurka, suka fitar da buƙatunsu kafin taron muhalli na duniya da aka yi a Rio ta Brazil a 1992, kuma matsin lambarsu na cikin abin da ya sa Agenda 21, kundin da taron Rio ya fitar, ya ware wa mata babi na 24. Ƙungiyar mata ta WEDO da ta shirya taron Miami ita ce kuma take tafiyar da asusun da aka buɗe a 2009 don ɗaukar nauyin mata wakilan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi zuwa tattaunawar sauyin yanayi, tare da koya musu yadda ake ciniki a kan kalmomin yarjejeniya. A Disambar 2022 a Montreal ta Kanada, ƙasashen duniya suka amince da sabon tsarin kare nau'o'in halittu mai ƙudurori 23, kuma na 23 ɗin kacokan a kan mata yake: daidaiton haƙƙi a kan fili da albarkatu, da cikakken wakilci a kowane matakin yanke shawara. Gamayyar mata da ke bin wannan yarjejeniya ce ta yi ta naci har ya shiga. Rubutu ne a takarda, ba ya dasa itace. Amma duk ƙasar da ta amince da shi ana sa ran ta shigar da shi cikin tsarinta na ƙasa ta kuma ba da rahoto, don haka idan kika tsaya gaban darakta kina neman a sa mata a kwamitin gandun daji, ba alfarma kike roƙo ba, alkawarin da gwamnatinsa ta ɗauka kike tuna masa.

A sama can an samu sauyi. Razan Al Mubarak ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta zama shugabar IUCN a 2021, mace ta biyu bayan Yolanda Kakabadse ta Ekwado, kuma Elizabeth Maruma Mrema ta Tanzaniya ce ke riƙe da sakatariyar yarjejeniyar halittu lokacin da aka cimma matsayar Montreal. Sai dai kada hakan ya ruɗe ki. A tsakanin masu gadin daji, ƙiyasin da aka fi ambato ya sa mata tsakanin kashi 3 zuwa 11 cikin 100. Za a nuna miki Black Mambas ta Afirka ta Kudu, da aka kafa a 2013, masu sintiri ba bindiga suna kwance tarkuna a gefen gandun Kruger, da Akashinga ta Zimbabuwe, ta 2017, masu ɗauke da makami. Aikinsu na gaske ne, sun kuma karya bakin masu cewa mace ba ta iya daji. Amma duka biyun maza ne suka kafa su, kuma tambayar da nake yi wa duk wata runduna irin wannan ita ce mace nawa suka haura daga sintiri zuwa riƙe gandun gaba ɗaya. Abubuwan da ke korar mata daga wannan aiki ma ba sa buƙatar dogon nazari: takalmi da kaki da aka ɗinka wa maza, sansanin da ba shi da makewayi na daban, rashin hutun haihuwa, da kai ƙarar mutum wurin abokinsa.

Wani aikin haɗaka da ba a sa shi a sanarwa shi ne tsaro. An kashe Berta Cáceres a gidanta a Honduras a Maris 2016, shekara guda bayan ta karɓi lambar yabo ta Goldman, wadda ake ba masu kare muhalli, saboda adawa da gina madatsar ruwa a kogin al'ummarta. Shahara ba ta kare ta ba. A yankin nasu akwai gamayyar mata masu kare haƙƙi, IM-Defensoras, da aka kafa a 2010, wadda ke ajiye bayanan hare-hare, tana da gidajen fakewa, tana kuma iya fitar da mace daga gari cikin gaggawa. Idan aikinki ya taɓa katako ko ma'adinai ko fili, ki tambayi duk haɗakar da ke zawarcinki abin da za ta yi ranar da aka fara yi miki barazana. Amsar za ta gaya miki abu da yawa.

Sauran tambayoyin kuwa ki yi su ba kunya. Wa ke zaɓen shugabanni, mambobi ko mai ba da kuɗi? In tallafin ya ƙare a bana, akwai abin da zai rage baɗi? Waɗanda suka shiga shekara biyar da suka wuce, ina suke yanzu? Ki nemi biyu daga cikinsu da kanki, ban da waɗanda aka sa hotonsu a shafin farko. Da wane harshe ake taro, kuma ana biyan kuɗin mota da na mai rainon yaro ga wadda ba ta da hali? Sannan ki yi hattara da wadda za ta mayar da ke ma'aikaciyar sa-kai ta dindindin. Na sha ganin an ɗora wa mace shugabancin kwamitin mata na ofis a kan aikinta, ba ƙarin albashi, ba a lissafa shi ranar duba ƙwazo, abokin aikinta kuwa ya yi amfani da lokacin ya wallafa bincikensa. Kujerar jeka-na-yi-ka ce, in ba ta zo da kasafi da damar shiga taron manya ba.

Ni a wurinki biyu zan riƙe, ba fiye ba. Ɗaya ta ƙwararru, mai faɗi, don labari da mai tsaya miki. Ɗaya kuma ta matan da ke rayuwa a gefen dajin da kike aiki, ko da ba ta da suna da Turanci, ko da ƙungiyar adashi ce ko ta masu itace. A ƙauyen Reni na Indiya, ranar da 'yan kwangila suka zo saran daji a Maris 1974 maza ba sa gari, Gaura Devi ta iya fito da mata 27 cikin ɗan lokaci ne saboda ƙungiyar matan ƙauyen tana nan tun kafin ranar, ita ce kuma shugabarta. Irin wannan ƙungiya tana da jama'a da sanin daji. Abin da kan gagare ta shi ne rajista, da asusun banki da sunanta, da wanda zai karanta mata daftarin yarjejeniya kafin ta dangwala hannu, da sanin ranar da ma'aikata ke zaman sabunta tsarin kula da gandun. Waɗannan duk suna hannunki. Kuma kada ki bar ƙungiyar ƙwararru ta kowa da kowa saboda kin samu ta mata, domin a can ake zaɓen waɗanda ke zama a hukumomin. Ki biya kuɗin mamba, ki halarci babban taro, in an buɗe takara ki sa ɗaya daga cikinku ta tsaya, sauran ku zo da ƙuri'a.